Jan Ciniki a Kan Ɗan Ƙwallo: Mai Takarda Shi Ke da Baki

Duk shekara, idan damina ta kankama, manoman Garbadu da Bakura da Maradun suna tsakiyar noma da maimai, sai a can Turai a buɗe kasuwar 'yan ƙwallo, wadda ba ta watsewa sai ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Kuma tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowane saurayi, babu majalisar da za ka zauna, daga bakin tasha har teburin mai shayi, da ba za ka tarar ana muhawara a kan ƙungiya kaza da ta ƙi sakin ɗan wasa kaza ba. Galibin abin da ake faɗi zagin mai ƙungiya ne: wannan ya ce mai haɗama ne, wancan ya ce azzalumi ne da ya tare wa yaro hanyar arziki. Ni dai a ganina, jan ciniki ba aibi ba ne, haƙƙi ne na wanda ya riƙe sahihiyar takarda, muddin bai ƙetare haddi ba. Abin da ya cancanci mu yi takaici a kansa shi ne, mu nan ba mu da takardar da za mu ja ciniki da ita.

Mu ɗauki labarin Ahmed Musa, wanda kowa ya sani. Yaron ya taso ne a makarantar koyon ƙwallo ta GBS a Jos, aka ba da shi aro ga Kano Pillars, inda a kakar 2009 zuwa 2010 ya jefa ƙwallo 18 a raga, adadin da a lokacin ba a taɓa kaiwa ba a gasar ƙasar nan. Ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi, amma dole ta yi haƙuri har ya cika shekara 18 ranar 14 ga Oktoba, 2010, domin dokar hukumar FIFA ta hana ƙetarar da yaro ƙasa da waɗannan shekarun. Daga can ya wuce CSKA ta birnin Mosko a Janairun 2012. Da Janairun 2016 ya zo, Leicester City ta Ingila, wadda ke saman teburin gasar Firimiya abin mamaki ga kowa, ta kawo tayin da aka ruwaito ya kai fam miliyan 15, mutanen Rasha suka ce ba su sallama ba. Masoyansa a Kano suka yi ta ƙorafi, musamman da Leicester ta ɗauki kofi a watan Mayu babu shi. Sai dai shi ma CSKA ta ci kofin Rasha da shi a wannan kakar, sa'an nan a watan Yuli ta sayar da shi kan fam miliyan 16 da ɗoriya, kuɗin da Leicester ba ta taɓa biya a kan wani ɗan wasa ba kafin nan. Wato ta ci moriyar ƙafarsa wata shida, ta ɗauki kofi, ta kuma karɓi kuɗinta cif. Wanda ya kira wannan zalunci, lalle bai san kasuwa ba.

Ya kamata a fahimci haƙiƙanin abin da ake sayarwa, domin a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Malaman fiƙihu ba su yi saɓani ba a kan cewa ɗa ba ya sayuwa, kuma ba mutum ake saye a wannan kasuwa ba. Abin da ke tsakanin ɗan wasa da ƙungiyarsa nau'i ne na ijara, wato ya ɗauki alkawarin yi mata aiki zuwa wani wa'adi sananne a kan lada sananniya. Idan wata ƙungiya tana son ta ɗauke shi kafin wa'adin ya cika, sai ta biya diyyar warware wannan alkawari, diyyar kuwa ita ce miliyoyin da muke ji. Tun hukuncin da kotun Tarayyar Turai ta yanke a shari'ar Bosman a Disambar 1995, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana iya kama gabansa ba a biya tsohuwar ƙungiyarsa kuɗin ciniki ba. Saboda haka duk watan da ya wuce, darajar takardar raguwa take yi, kuma mai ƙungiya, yana tsaka da jayayya da mai saye, yana kuma kokawa da kwanakin da ke guje masa.

Wanda ya taɓa shiga kara a kasuwar Talata Mafara ya san yadda abin yake. Mai sa yana tsaye riƙe da igiya, a taya masa ya kau da kai ya ce albarka, dillali ya ja mai saye gefe su yi ƙus-ƙus, ya dawo ya ƙara wani abu, shi dai ya sake cewa albarka, har rana ta take. In ya ga farashi ya yi masa ya ce ya sallama, in bai yi ba ya kora abinsa gida ya jira wata Talatar, kuma babu mai kiransa azzalumi. Amma a nan kamancin ya tsaya, domin sa ba ya da ra'ayi a kan inda za a kai shi, ba ya da iyali, ba ya lissafin cewa shekarun ƙarfinsa goma ne ko goma sha biyar, alhali ɗan ƙwallo mutum ne mai hankali wanda yardarsa sharaɗi ce ga ingancin cinikin.

Inda aka manta da wannan sharaɗi, a nan ne jan ciniki ke komawa cuta, kuma misalinsa shi ne abin da ya faru tsakanin Napoli ta Italiya da Victor Osimhen. Shi ne wanda ya jefa ƙwallo 26 a kakar da ƙungiyar ta ci kofin ƙasar a 2023, karon farko tun 1990, har aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na shekarar. Shugabanta, Aurelio De Laurentiis, ya ɗora masa farashin da ya haura Yuro miliyan 100, masu saye suka yi ta zuwa suna komawa, har ranar 30 ga Agusta, 2024, aka rufe kasuwa bayan magana ta watse da Al-Ahli ta Saudiyya da kuma Chelsea. Sai ga gwarzon nahiya guda an cire sunansa daga jerin 'yan wasa, ba a sayar ba, ba a kuma sa shi a fili ba, da ƙyar aka tura shi aro Galatasaray ta Turkiyya, wadda kasuwarta ba ta riga ta rufe ba. A ƙarshen Yulin 2025 aka sallama shi ga Galatasaray ɗin kan Yuro miliyan 75, ƙasa ƙwarai da abin da aka kafe a kansa da fari. Ƙa'idar mu'amala a wurinmu ita ce kada ka cuta, kada a cuce ka. Mai ƙungiya yana da ikon ya ce albarka, amma ba ya da ikon ya zaunar da ma'aikaci a banza domin ya hukunta shi.

Duk da haka, a lura da cewa CSKA da Napoli, mai adalcin cikinsu da mai wuce gona da iri, abu ɗaya ne ya ba su baki, shi ne rubutacciyar yarjejeniya. Labarin John Obi Mikel, wani haifaffen Jos, ya fi kowanne bayyana ƙarfin takarda. A Afrilun 2005 Manchester United ta sanar cewa ta ɗauke shi daga ƙungiyar Lyn ta Norway, Chelsea ta ce atafau nata ne, aka shafe fiye da shekara ana taƙaddama, sai a Yunin 2006 aka yi sulhu: Chelsea ta biya fam miliyan 16, United ta karɓi 12, Lyn ta karɓi 4. United ta ci wannan dukiya a kan yaron da bai taɓa buga mata wasa ko ɗaya ba, ba don komai ba sai don sa hannun da ta riƙe.

To, mu fa? Babu ƙauyen da ba ya da fili da raga ta itace a wannan yanki, kuma babu filin da ba ya da wani bawan Allah da ake kira koci, wanda ke tattara karo-karo ya sayi ƙwallo, ya ɗauki hayar mota ya kai yara wasa Bakura ko Maradun idan hanya ta yi lafiya, ya sayi ruwa da lemo da kuɗin aljihunsa. Ka tambaye shi sunayen yaransa, zai zayyano maka su da laƙabinsu ba tare da ya yi tuntuɓe ba; ka ce ya nuna maka rajista, ko takardar haihuwar ɗaya daga cikinsu, ko shaidar cewa hukumar ƙwallo ta jiha a Gusau ta san da zaman ƙungiyarsa, sai ya yi shiru. Ranar da yaro ya yi fice, wani ya zo da mota ya ɗauke shi zuwa Kano ko Kaduna ko Legas, a ba koci ɗan abin goro, a yi addu'a, shi ke nan. Manyan ƙungiyoyinmu ma, waɗanda akasarinsu mallakar gwamnatocin jihohi ne, kamar Zamfara United da Kano Pillars, ba su tsira daga wannan rauni ba, domin shugabanninsu sauyawa suke yi da sauyin gwamnati, kuma a gasarmu an saba ƙulla kwantiragi gajere, wanda kafin ɗan wasa ya yi suna ya riga ya ƙare.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, dokar FIFA ta yanka wa masu reno kasonsu. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin, a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23 da haihuwa. Ƙungiyar da ta riƙe yaro shekara huɗu na farko, daga 12 zuwa 15, tana da kashi 1 cikin 100. A ciniki irin na fam miliyan 16, wannan ya kama fam 160,000, kuɗin da zai gina fili da katanga, ya ɗinka riguna, ya kuma biya wa yara kuɗin makaranta shekara da shekaru. Tun Nuwambar 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a birnin Paris domin isar da irin waɗannan kuɗi ga masu su, amma ofishin ba ya duban hawaye ko rantsuwa, tarihin rajistar ɗan wasa kawai yake bi. Kada kuma a ce abin ya yi mana nisa: Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato ne, ya buga wa Pillars, ya fita ƙasashen waje, ya samo wa Nijeriya tagulla a wasannin Olamfik na 2016, Zaidu Sanusi daga Jega ya fito, ya kai har ƙungiyar Porto ta Fotugal a 2020. Ƙasar da ta haifi waɗannan ba ta daina haihuwa ba.

Wani zai ce yawan takarda rashin yarda ne, mu kuwa mutanen amana ne. Amsarsa ita ce, ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga muminai aka yi umarnin, ba ga maha'inta ba. Rubutu ba ya rage amana, kare ta yake yi daga mantuwa da mutuwa da son zuciya. Yana kuma kare yaron kansa daga dillalan ƙarya, waɗanda ke sa uba ya sayar da gona ko shanun huɗa da sunan kuɗin biza, a kai ɗansa wata ƙasa a yasar.

Saboda haka ina kira ga masu horar da yara a Garbadu da kewaye, su yi wa ƙungiyoyinsu rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, su buɗe littafi mai ɗauke da sunan kowane yaro da ranar haihuwarsa ta gaskiya da ranar shigowarsa, da sa hannun mahaifinsa ko waliyyinsa. Ina kira ga iyaye, kada su saki ɗa ga wanda bai zo da shaidar izini ba, kada kuma su yarda a rage masa shekaru. Shugabannin ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun kuwa, su sani cewa kuɗin rajistar ƙungiyoyin ƙauyukansu bai kai abin da ake kashewa a bikin ba da kofi guda ba, amfaninsa kuma ya fi shi daɗewa. Ranar da muka yi haka ne za mu sami bakin cewa albarka idan an taya ɗanmu da araha. Allah Ya sa mu dace, amin.