Shari'ar Teburin Mai Shayi

A watan Oktoban 2018 jaridar Daily Nigerian ta saki faifan bidiyon da ta ce Gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Ganduje, ne a ciki yana cusa daloli a aljihun babbar riga. Ya musanta. Majalisar dokokin Kano ta kafa kwamitin bincike, kotu ta taka masa birki, ga kuma sashe na 308 na tsarin mulki da ya hana a gurfanar da gwamna mai ci. Sai shari'ar ta koma teburin mai shayi, inda kowa alƙali ne: ɗan adawa mai jar hula ya riga ya yanke hukunci, ɗan APC, jam'iyyar gwamnan, ya ce sharrin 'yan adawa ne. Ganduje ya zarce a 2019, ya zama shugaban jam'iyyarsa na ƙasa a 2023. Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne afuwar da Shugaba Buhari ya yi wa tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye da Jolly Nyame a 2022. Su kam ba zargi ba ne, kotu ce ta ɗaure su kan dukiyar Filato da Taraba, aka buɗe musu ƙofa suka fito. To da wane baki za ka ce wa talaka ya jira kotu?