NAZARI: Cinikin Biri A Sama: Abin Da Rugujewar Loot Crate Ta Tona Game Da Akwatunan Wata-Wata

A watan Agustan 2019, kamfanin Loot Crate na birnin Los Angeles ya garzaya kotun fatarar kuɗi a jihar Delaware ta Amurka yana neman kariya daga masu binsa bashi. Takardun da ya miƙa sun nuna cewa 'yan kasuwar da suke ba shi kaya suna binsa fiye da dala miliyan 30, hukumomin haraji kuma kusan dala miliyan 6. Akwai kashi na uku da ya fi jan hankali: kaya na kimanin dala miliyan 20 waɗanda jama'a suka riga suka biya kuɗinsu, amma ba a aika musu ba.

Shekaru uku kacal kafin wannan rana, mujallar Inc. ta ayyana Loot Crate a matsayin kamfani mai zaman kansa da ya fi kowane saurin bunƙasa a Amurka, bayan cinikinsa ya kai dala miliyan 116 a 2015. Yadda ya tashi da yadda ya faɗi sun bar tambayar da har yau hukumomi ba su amsa ta sosai ba: wa zai tsaya wa mutumin da ya biya kuɗi tun kafin ya ga kaya?

Yadda cinikin yake

Chris Davis da Matthew Arevalo ne suka kafa Loot Crate a 2012. Dabarar mai sauƙi ce. Mutum zai ba da lambar katinsa na banki, a riƙa cire masa kimanin dala 20 duk wata, shi kuma a aiko masa da akwati a rufe. Sai ya buɗe zai san abin da ke ciki: riga mai hoton jarumin fim, ɗan mutum-mutumin roba, mujallar labarai cikin zane, ko wani abin maƙalawa a ƙirji. An tsara kayan ne don matasan da suka shaƙu da fina-finan Marvel da Star Wars, da wasannin bidiyo, da zane-zanen Japan, waɗanda suke tara irin waɗannan abubuwa don sha'awa.

Ba Loot Crate ne ya ƙirƙiro salon ba. Birchbox ya fara aika kayan kwalliya ta wannan hanya tun 2010, kuma shagunan Japan sun daɗe suna sayar da jakunkunan sa'a a rufe a farkon kowace shekara. Abin da Loot Crate ya ƙara shi ne talla kusan kyauta. Masu saye suna ɗaukar bidiyon kansu suna buɗe akwatin, su ɗora a YouTube, dubbai su kalla su yi kwaɗayi. Zuwa 2016 masu biyan kuɗin sun haura 600,000, kuma a shekarar kamfanin ya samu jarin dala miliyan 18.5 daga masu zuba kuɗi, har da kamfanin jarumin fim Robert Downey Jr.

Bahaushe yana kiran irin wannan hulɗa cinikin biri a sama, malaman fiƙihu kuma sun daɗe suna tattauna ta a babin garari, wato sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. A wannan kasuwa rashin sanin shi ne ainihin hajar, domin zumuɗin buɗe akwatin ake saye fiye da robar da ke ciki.

Masu saye sun zama masu ba da rance

Ta fuskar kuɗi, tsarin yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Kamfani yana karɓar kuɗi kafin ya sayi kaya, kuma yana rage farashi ga wanda ya biya na wata uku, ko shida, ko shekara guda a dunƙule. Ma'ana, masu saye suna ba kamfanin rance ne marar ruwa kuma marar jingina. Muddin sababbin mutane suna shigowa, kuɗinsu yana toshe giɓin da ke baya. Ranar da shigowar ta ragu, sai asiri ya tonu.

Haka ta faru. Masu hamayya sun cika kasuwa, har kamfanin Funko, wanda 'yan tsanarsa masu manyan kawuna suke cikin abubuwan da aka fi so a akwatunan, ya buɗe nasa akwatin na Marvel a 2015. Nerd Block na Kanada ya durƙushe a 2017. Loot Crate kuwa ya yi ta ƙaro sababbin akwatuna, na wasannin bidiyo, na tufafi, har da na karnukan gida, kowane da kuɗin lasisinsa da na sufurinsa. Su ma masu saye sun fara ƙosawa, domin ɗaki yana cika da tarkace, kuma abin mamaki idan ya maimaitu sau ashirin ya daina ba da mamaki.

Sai kuma hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na watan Yunin 2018 a shari'ar jihar South Dakota da kamfanin Wayfair, wanda ya ba jihohi ikon karɓar harajin ciniki daga masu sayarwa ta intanet ko da ba su da shago a jihar. Wannan ya ƙara nauyi a kan irin waɗannan kamfanoni. A 2019 akwatuna suka riƙa makara da watanni, aka rufe rumbun ajiya, aka sallami ma'aikata. A ƙarshe wani kamfani mai alaƙa da NECA, masu ƙera kayan wasa, ya saye shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in ji masu iya magana, amma a dokar fatarar kuɗi ta Amurka mai rance da jingina ne a gaba, mai akwatin dala 20 yana bayansa.

Inda siyasa ta shigo

Ɓangare na biyu na matsalar shi ne sabunta biya ba tare da an sake tambayar mai kati ba, abin da duk mai wayar salula da aka taɓa zare wa kuɗin kati don waƙar kira zai gane. Shiga tana ɗaukar minti guda, fita kuwa sai an sha wuya. Amurka tana da doka tun 2010 da ta wajabta wa masu sayarwa ta intanet su bayyana sharuɗɗa, su kuma samar da hanyar fita mai sauƙi, sai dai ba ta fayyace ma'anar sauƙin ba.

A watan Oktoban 2024, hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ƙarƙashin Lina Khan, ta amince da ƙa'idar da ta ce dole soke biya ya zama da sauƙi kamar fara shi. Ƙuri'a uku ce ta rinjayi biyu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa suka kai ƙara, kuma a watan Yulin 2025, kwanaki kaɗan kafin ƙa'idar ta fara aiki gadan-gadan, wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta. Hujjar kotun ita ce hukumar ta tsallake wani matakin nazarin tattalin arziki da doka ta wajabta. Duk da haka, a watan Satumban wannan shekarar Amazon ya amince ya biya dala biliyan 2.5 don sasanta ƙarar da hukumar ta shigar kan yadda ake shigar da mutane tsarin Prime da wahalar fita daga cikinsa. Katafaren kamfani kamar Amazon ana iya farautarsa da tsohuwar doka, amma ɗaruruwan ƙananan masu akwatuna ba su da wata ƙa'ida guda da ta fayyace musu ma'anar sauƙin fita a faɗin ƙasar, sai dokokin jihohi irin na California.

Akwatin bai mutu ba

Kasuwar ta ja baya a Amurka. A 2023 Funko ya sanar da cewa zai lalata kayan da suka kai aƙalla dala miliyan 30, saboda kuɗin ajiyarsu ya fi ƙimarsu. Amma dabarar ta sake ɓullowa daga China da sabon kamanni. Kamfanin Pop Mart, wanda Wang Ning ya kafa a Beijing a 2010, yana sayar da 'yan tsana irin su Labubu a cikin kwali a rufe, kuma cinikinsa ya haura yuwan biliyan 13 a 2024. A nan babu biyan wata-wata, amma akwai wata 'yar tsana da ba kasafai ake dacewa da ita ba, wadda take sa mutum ya yi ta saye yana fatan sa'a.

Hukumomin China sun ɗauki wata hanya dabam. A watan Yunin 2023 sun haramta sayar da irin waɗannan kwalaye ga yara 'yan ƙasa da shekara takwas, sun kuma wajabta wa kamfanoni su bayyana yiwuwar samun kowane nau'i. Tun 2018 Beljiyam ta ɗauki makamancin wannan a cikin wasannin bidiyo a matsayin caca.

Matakan uku, na Washington da Beijing da Brussels, kowane ya taɓa gefe guda ne: sauƙin fita, ko shekarun mai saye, ko kamanceceniya da caca. Giɓin da Loot Crate ya bari yana nan a buɗe. Babu abin da ya tilasta wa mai akwati ya ware kuɗin da aka biya shi tun gaba a wani asusu na musamman har sai kaya sun isa. Matuƙar ba a yi hakan ba, duk wanda ya biya kuɗin shekara guda don samun rangwame ya shiga sahun masu zuba jari ne ba da saninsa ba, kuma idan riba ta zo babu kasonsa a ciki.