Kafin a ɗora babbar mota a bayan tirela, a fara auna tsayinta

'Yan uwa masu sayen manyan motoci daga Apapa da Tin Can, da waɗanda motarsu kan mutu a hanya a rasa yadda za a kai ta gida, akwai wata al'ada tamu da ya kamata mu sake dubawa. Da an tashi ɗaukar mota, tambayar farko ita ce nawa ne. Sai ɗan kamasho ya nuno wata falat da ta sauke kaya za ta koma Arewa fanko, a yi ciniki da araha, a ɗora. A ganina kuɗi ne ya kamata ya zo daga baya. Abin da za a fara tambaya shi ne tsayi.

Lissafin ba shi da wuya. Bayan falat yana tashi kusan mita ɗaya da rabi daga ƙasa, domin da kwantena aka auna ta, ita kuwa kwantena mafi tsayi mita 2.9 ce. Kan DAF ko MAN mai ɗakin kwana yakan kai mita 3.5, wani ma ya kusa 4. Ka haɗa da kanka: an kai mita 5, ko ma an haura. Da wannan tsayin za a bi ta ƙarƙashin gadojin sama, da gadojin masu tsallaka titi, da wayoyin lantarki da suka sako a cikin garuruwa. Ko an tsira daga gada, nauyin ya koma sama, kwana ɗaya mai kaifi ko rami a gefen titi ya isa ya kifar da motocin biyu tare. Duk wanda ya san hanyar Jebba zuwa Mokwa ya san abin da nake nufi.

Wasu kan ce ai sai a sace iskar taya. Ɗan abin da za a rage da hakan bai taka kara ya karya ba.

Shi ya sa nake cewa kan tirela da tifa, wurinsu lobed ne, wato tirelar nan mai ƙasa-ƙasa da ake ɗaukar katafila da ita. Bayanta bai cika kai mita ɗaya ba, kuma tana da matakalar hawa, ba sai an je neman tudun ƙasa an jingina an turo mota ana salati ba. Tana da tsada, haka ne, kuma ba kullum ake samunta ba saboda kamfanonin gine-gine sun riƙe. Amma ka kwatanta bambancin kuɗin da farashin sabon kai idan gada ta aske shi. Ƙananan motoci irin Canter da Dyna kam, falat ta ishe su.

Sai nauyi. Tifa mai taya goma, ko babu kaya, takan kai tan 12. A duba tayoyin tirelar da birkinta da idon mai saye, kada a tsaya ga maganar direba. Ɗauri kuma da sarƙa ake yi, ta kusurwa huɗu, a jikin shasi ko aksil, a sa katako a tokare tayoyi. Igiya ba ta wannan aikin. Sarƙa kan saki bayan ɗan tafiya, don haka wanda ya taso daga Legas ya tsaya a Ogere a sake ɗaurewa.

Idan motar matacciya ce, a tuna birkin iska kan kame kansa da zarar iska ta ƙare a tanki, sai bakanike ya sake shi kafin ta motsa. Wanda kuma ya zaɓi a ja ta da ƙarfe maimakon ɗorawa, a kwance furofela tukuna, in ba haka ba a isa gida da giya a ƙone.

Kada a tashi sai takardun kwastan na motar da aka ɗora suna hannun direba, sannan a rubuta a takarda wanda zai biya idan wani abu ya faru a hanya, kowa ya sa hannu a gaban shaidu.