Gidan Tarihin Mata: Takarda Kafin Tubali

Duk wanda ya taso daga Unguwar Kanawa ya nufi cikin garin Kaduna, ba zai yi nisa ba sai ya gifta kusa da gidaje uku da aka keɓe domin adana tarihin ƙasar nan. Akwai Gidan Tarihi na Ƙasa a titin Ali Akilu, wanda aka buɗe cikin 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC. Akwai Gidan Arewa a titin Rabah, watau gidan da Sardaunan Sakkwato ya zauna, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi cikin 1970, daga bisani Jami'ar Ahmadu Bello ta karɓi ragamarsa. Sa'an nan ga Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a titin Yakubu Gowon, inda fayilolin Razdan da na Di'o da na En'e suke jibge tun zamanin Turawa. To, amma wanda ya zauna ya buɗe irin waɗannan fayiloli zai tarar galibinsu maza ne suka rubuta wa maza a kan sha'anin maza. Mace ba ta cika fitowa ciki ba sai wajen ƙidayar jama'a, ko kuwa in an kai ta gaban alƙali.

Saboda haka muna ganin lokaci ya yi da Arewa za ta sami gidan tarihin matanta. Sai dai muna so mu ja hankalin 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata ga abu guda: irin wannan gida da takarda ake soma shi, tubali daga baya yake zuwa. Ana iya tara kuɗi a tsai da gini cikin shekara ɗaya, amma littafin bayanan taro da gara ta cinye babu kuɗin da zai komo da shi.

Takardun da muke nufi kuwa ba nesa suke ba. A Hayin Banki, nan kusa da Unguwar Kanawa, hedkwatar Jam'iyyar Matan Arewa take, ƙungiyar da aka kafa a Kaduna cikin 1963, wadda ta shahara wajen renon marayu da ilmantar da yara. A Zariya, taron da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1982 shi ya haifi ƙungiyar WIN. A Minna aka kafa tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, watau FOMWAN, cikin 1985. Kowace ƙungiya irin waɗannan takan bar tsarin mulkinta, da rajistar 'ya'yanta, da bayanan tarurrukanta, da wasiƙun da ta aika wa hukuma da amsoshin da ta samu, da rasidan kuɗi, da hotuna. Waɗannan su ne ainihin tarihi, gama su ke nuna wa ya kawo shawara, wa ya ƙi, nawa aka tara, kuma ina kuɗin suka tafi.

Bari mu ba da misali. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, alhali kuwa matan Arewa ba su sami wannan 'yanci ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Kowa ya san sunan Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri saboda wannan gwagwarmaya a ƙarƙashin NEPU. Amma ba ita kaɗai ta yi ba. Matan da suka biya kuɗin kati, suka yi girki ranar taro, suka bi gida gida suna wa'azin siyasa, sunayensu suna cikin rajistar rassa ne kawai, in rajistar ta ɓace sun ɓace ke nan. Ga shi kuma waɗanda suka riƙe labarin a ka suna ta tafiya. Hajiya Gambo ta rasu cikin 2001, Hajiya Laila Dogonyaro cikin 2011, Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta yi editar jaridar New Nigerian, cikin 2015.

Abin da ya tsira na tarihin matanmu, ya tsira ne domin wani ya ɗauki ɗawainiyar ajiyewa. Nana Asma'u ta rasu cikin 1864, amma gidan Waziri a Sakkwato ya riƙe rubuce-rubucenta fiye da shekara ɗari, har Waziri Junaidu ya ba Jean Boyd damar nazarinsu, aka buga su a littafi guda cikin 1997 tare da Beverly Mack. Haka kuma da Mary Smith ba ta zauna da Baba ta Karo tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗi ba, da rayuwar wannan tsohuwa ta bi ta kabari.

Takardun gwamnati suna da doka da ma'aikata masu lura da su. Na ƙungiyar sa kai kuwa sau da yawa a hannun sakatariya suke, cikin adaka ko kwali a ƙarƙashin gado. In ta sauka ko ta rasu, magada ba su san darajarsu ba. Daga nan sai yoyon damina da gara da ɓera su yi rabonsu, abin da ya saura kuma a naɗe ƙosai da shi.

Shawararmu ke nan. Da farko, shugabannin ƙungiyoyin mata su tattara takardunsu, su jera su bisa shekara, su danƙa na da ga Gidan Arewa ko Ma'ajiyar Ƙasa bisa yarjejeniya a rubuce, wadda za ta faɗi na wane ne da kuma wanda aka yarda ya karanta. Na biyu, a ɗauki hoton kowane shafi a ajiye kwafi a wani gari dabam. Gobarar da ta cinye sashen nazarin Afirka na laburaren Jami'ar Kef Tawun cikin Afrilun 2021 ta isa gargaɗi, cewa ko babbar jami'a ba ta fi ƙarfin wuta ba. Na uku, ɗalibanmu na tarihi da Hausa da aikin laburare su ɗauki jera waɗannan takardu a matsayin aikin kundinsu na ƙarshe, su kuma zauna da iyayenmu da suka rage su naɗi muryoyinsu. Na huɗu, ku matasan ma'aikata, ku ne akawuna da magatakardan yau. Ranar da aka ce a share sito, ku buɗe fayil kafin ku jefar.

Sa'an nan shi kansa gidan tarihin, ran da aka kafa shi, lalle ne ya riƙe nasa takardun tun daga taron farko na kwamitinsa. Kowane abu ya shigo a ba shi lamba, a rubuta wanda ya bayar, da ranar, da garin da ya fito, da abin da aka sani game da mai shi. Tukunyar Ladi Kwali in babu rajistar da ta shaida tata ce, tukunya ce kurum, kuma in an sace ta babu hujjar neman ta.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kada mu jira sai an aza harsashin gini sa'an nan mu shiga neman abin da za mu zuba ciki. Wanda duk yake da uwa ko gwaggo ko kaka da ta taɓa riƙe littafin wata ƙungiya, to, a wannan hutu ya durƙusa ya gaishe ta, ya roƙe ta ta buɗe masa adakarta.