Guruf ɗin WhatsApp Ba Littafin Ma'aji Ba Ne

Jama'a, a faɗi gaskiya: ƙungiyoyinmu na Birnin Kudu da Gwaram sun mayar da WhatsApp ofis, kuma kuɗin mutane na salwanta a ciki. A tara gudummawar gyaran famfo ko rufin aji, ko 'yan kasuwa su haɗa jari su sari riɗi a kasuwar Sara, duk lissafin yana cikin guruf. Rasit ɗaya, saƙon murya hamsin, sai barka da Juma'a, sai bidiyon siyasa. Bayan wata uku ka tambayi nawa aka tara, wa aka ɗora wa sayen siminti, sai a ce maka "hau sama ka duba". Wane saman?

Ga shi tun 2022 admin na iya goge saƙon kowa a guruf. In ma'aji ne admin, kuɗi na hannunsa, shaida ma na hannunsa. Haba!

Ba cewa nake a koma Slack ko Trello ba, wasu dattawanmu ko imel ba su da shi. Amma Google Sheets kyauta ne: suna, adadi, kwanan wata, wanda aka ba aiki. Kowa na gani, mutum biyu kaɗai ke rubutu, kuma yana ajiye sunan duk wanda ya taɓa lamba.

Masu cewa "ai akwai amana tsakaninmu", ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi take. Sakatarori, ku kawo maganar a taro mai zuwa. Wanda ya ƙi, a tambaye shi dalili gaban kowa.