Ɓera Ba Ya Cewa Wayyo Kaina

'Yan'uwa ɗalibai, lokaci ya yi da za mu tuhumi masu binciken ciwon ɓarin kai, waɗanda suka mai da ɓera babban mashaidinsu. Yaushe ɓera ya taɓa cewa kansa na sara? Sai dai a tsikare shi a fuska, in ya zabura a rubuta ciwo ne. Ko amai ba ya iyawa, alhali amai yana cikin azabar cutar nan. Mata sun ninka maza kusan sau 3 wajen kamuwa da ita, amma shekara da shekaru ɓeraye maza aka fi gwadawa.

Ga sakamakon. Maganin lanepitant ya hana kumburin tantanin ƙwaƙwalwa a dabbobin gwaji, amma rahoton 1997 ya nuna bai tsinana wa mutane kome ba. Su kuwa Goadsby da Edvinsson, jinin majiyyata suka auna a 1990, suka tarar sinadarin CGRP ya hau. Hanyar nan ta kai ga maganin da Amurka ta amince da shi a 2018.

Dabba tana da amfaninta, mun yarda. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A saurari majiyyaci tun daga farkon bincike!