Hadda Kaɗai Ba Ta Wadatarwa, A Fassara Wa Yaranmu

Yau a Kano da Kaduna da Gusau, ma'aunin makaranta ta gari ya koma abu ɗaya: izu nawa yaro ya haddace, kuma yana ɗan shekara nawa. Mai makaranta zai kafa allo a bakin titi yana alƙawarin mayar da ɗanka hafizi cikin ɗan lokaci, iyaye su yi ta tururuwa. Ranar walima a naɗa wa yaro rawani, a yafa masa alkyabba, a riƙa masa allo mai zayyana, a ɗauki hoto a watsa a Facebook. Ba mai tambayarsa abin da ya fahimta.

Wannan ma'auni ya cuci yara, ya kuma tauye wa Alƙur'ani haƙƙinsa.

Ba hadda nake suka ba. Da ita aka tsare Littafin, kuma alarammomin tsangaya da ke rubuta shi da ka, daga Baƙara har Nasi, abin alfaharinmu ne. Musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986 ta gyara karatun dubban yara. Abin da nake ƙi shi ne a tsaya a nan, a ce an gama.

Dubi yaron nan da aka tasa tun asuba. Da safe ya yi tilawa da Larabcin da bai ji ba. Da hantsi malamin darasin addini ya cika allo da Turancin da shi ma bai gama ji ba, don da Turanci zai amsa jarrabawar WAEC da NECO. Hausa, wadda da ita yake tunani, da ita uwarsa ke masa faɗa, ba ta da gurbi a jadawalin. A wasu makarantun ma tara ake cin wanda ya yi ta. Sai ka ji shi ya rero surar Muɗaffifina da tajwidi mai sa tsikar jiki ta tashi, bai san kashedi ce ga masu tauye mudu ba, alhali gobe shi zai zauna a rumfar mahaifinsa a kasuwar Dawanau yana awon hatsi.

Masu cewa "ya haddace tukuna, ma'ana ta biyo baya" su faɗa mana yaushe ne bayan. Yawancin yaran nan daga walima sai sakandare, daga nan sai neman abinci ko aure.

Kuma ba haka magabata suka yi ba. A zaure, malam kalma-kalma yake fassara Ahalari da Ishmawi da Risala, ɗalibi yana biye. Nana Asma'u ta wallafa waƙoƙin karantarwa da Hausa da Fulatanci, jajojinta, wato mata masu karantarwa, suka kai wa matan ƙauye har ɗaki. Malam Abubakar Gumi ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa, Malam Nasiru Kabara ma haka. Littattafan suna nan a kasuwa, ajin yara ne kawai ba su shiga ba.

Iyaye, ku ne ke biyan kuɗin makarantar nan. Kafin ku biya na zango mai zuwa, ku tambayi shugabanta awa nawa ya ware a mako don a fassara wa yaro da Hausa surar da ya haddace. In ya ce babu, ku nemi a saka.